Sarƙar Inna da Kawu Yura

Tun da na dawo ban sayar da atamfa cikin kwanciyar hankali ba. Duk wadda ta shigo shagona a babbar kasuwar Jalingo, kafin ta taɓa zane sai ta ja kujera ta ce, "Hajiya Rabi, yaya Rasha? Wai da gaske an yi miki sata?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wadda ta fita sai ta ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a wani gidan suna a Abbare na ji wata tana rantsuwa wai har kwana na yi a hannun 'yan sanda. To bari in faɗa da kaina, tun daga farko.

Autata Nafisa ce ta gama karatun likita a wani gari da ke kudu da Mosko, wanda har yau harshena ya kasa faɗar sunansa daidai. Tana tsakiyar karatun mahaifinta ya rasu, ba ta ma samu zuwa jana'iza ba. Tun lokacin na yi wa kaina alkawari cewa ranar da za a ba ta takarda, ba za ta waiwaya ta rasa nata a cikin taro ba.

Da maganar tafiyar ta fito, sai gidanmu na Barade ya koma kamar gidan ta'aziyya. Yayana Hamma Sale ya zo ya zauna a kan tabarma ya haɗe rai.

"Rabi, kin san mutanen da za ki je wurinsu kuwa? Ba sa son baƙar fata. Giya suke sha kamar ruwa. Ga yaƙi. Idan suka ga abu a hannunki, ba tambaya suke yi ba."

Na ce, "Hamma, yarinyar nan shekara da shekaru tana cikinsu."

"Ita yarinya ce, ba ta da abin da za a ɗauka."

Ban gaya masa cewa ni ina da shi ba. Sarƙar zinariya ce da 'yan kunne na mahaifiyarmu, Inna, waɗanda ta sayo a Makka bayan ta yi rabin rayuwarta tana matsar man gyaɗa. Na ƙulle su a wani tsohon ƙyalle na sa a lalita, na ɗaura a ƙugu. Nufina in rataya wa Nafisa su da hannuna ranar bikin. Ko ita ban gaya wa ba.

Allah Ya taimake ni da abokiyar tafiya, Madam Rifkatu 'yar Kona, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda ɗanta ke ajinsu ɗaya da Nafisa. Doguwa ce mai murya, Turanci a bakinta kamar ruwa, Hausarta kuwa irin ta garinmu, wadda kowa a cikinta namiji ne. Ita ma ba ƙaunar mutanen take yi ba, kuma tana da dalili. A shekararsa ta farko wasu samari sun tare ɗanta a tashar mota sun fasa masa baki, ba don komai ba sai launin fatarsa.

Ta hanyar Wukari muka bi zuwa Abuja. A inda ruwa ya ci gada aka sauke mu, muka tsallaka a kwalekwale, ni da akwatina biyu da doyar Zing guda uku da Rifkatu ta nace sai ta kai wa ɗanta. A tsakiyar ruwa mai tuƙi ya tambayi ina za mu. Da muka ce Rasha, ya kalle mu ya kalli doyar, ya ce, "Allah Ya kiyaye, amma doyar nan ba za ta isa ba." Gaskiyarsa. A filin jirgin Abuja aka auna kaya aka ce sun yi nauyi, muka bar wa wata mai shara doyar, Rifkatu tana ta mita har Alƙahira, inda muka sake jirgi.

A Mosko na fara tuna maganar Hamma Sale. Duk baƙaƙen da ke jirgin aka ware mu gefe, aka karɓe fasfo, aka bar mu a kan wasu kujerun ƙarfe har ƙafafuna suka kumbura. Ba wanda ya zage mu, ba kuma wanda ya ce mana sannu. Da aka sallame mu, sai wani kare ya zo ya manne wa akwatina. Wata jami'a mai farin gashi ta sa na buɗe. Ta ɗaga ƙullin daddawa ta shinshina, ta ja da baya kamar an mare ta. Ta ɗauko garin kuka, kore shar a leda, ta kira wasu biyu. Rifkatu tana ta bayani da Turanci, ba mai jin ta. Ni kuwa da na ga abin zai yi nisa, sai na lakato garin da yatsa na sa a baki, na yi alamar tuƙa tuwo, na shafa ciki. Matar ta kalle ni, sannan ta mayar da kukar cikin akwati. Daddawar dai ba ta dawo ba.

Nafisa na tsaye a waje. Ba zan iya ba ku labarin wannan wurin ba, don ban ga komai ba sai hawaye. Abin da na tuna shi ne ta rame, kuma da ta juya ta yi wa direba magana da yarensu, sai na ji kamar 'yar wani ce.

Jirgin ƙasa muka shiga zuwa garinsu. A nan na fara ganin halin mutanen. Mutum zai shigo ya zauna gwiwarsa na taɓa taka, ba sallama, ba ina gajiya. A Jalingo ko Keke Napep ka shiga, kafin ka sauka ka san wanda aka yi wa haihuwa da wanda ɗan'uwansa ke asibiti. Na gaida wata tsohuwa da ke gabana da murmushi, ta dube ni kamar na tambaye ta bashi. Nafisa ta ce, "Dada, a nan idan kika yi wa wanda ba ki sani ba murmushi, ɗauka yake ko wayo za ki yi masa ko kanki ba daidai ba." Amma da jirgi ya yi nisa, tsohuwar nan ta buɗe jaka ta fito da dafaffen ƙwai da gurji, ta tura mini rabi a kan takarda, fuskarta a ɗaure yadda take.

Rifkatu ta sauka a masaukin baƙi kusa da makaranta, ni kuma na bi Nafisa gidan da take haya. Ɗaki ɗaya ne a cikin gidan wata tsohuwa, a saman bene, kuma da ƙafa ake hawa. Nafisa na kiranta Baba Tamara. Na ce wane irin Baba kuma ga mace, ta ce a yarensu haka ake kiran kaka. Gajeruwa ce mai kauri, kullum da ɗankwali ɗaure a haɓa. A bakin ƙofa ta nuna takalmina da yatsa, na cire, na ce a raina to wannan dai irin namu ne. Abin da ba irin namu ba shi ne kyanwa, wata ƙatuwa mai toka-toka da ke da kujerarta a falo, kuma ba a tashinta ko don baƙo.

Abinci ya ba ni wuya da farko. Akwai wata jar miya kamar an zuba zoɓo, da kabeji a ciki, a ɗora mata farin abu mai tsami irin kindirmo. Burodinsu baƙi ne mai nauyi. Amma suna da nono a kwalba wanda ba shi da maraba da na Fulanin Mayo Gwoi, shi ya riƙe ni. Nafisa ta nuna mini wata tukunya mai jan murfi ta ce tun shekarar da ta zo Baba Tamara ta saye ta dominta, naman alade bai taɓa shiga ciki ba, kuma har unguwar Musulmi take zuwa ta sayo mata nama. Ta ce lokacin da sanyi ya kama ƙirjinta ta kwanta, tsohuwar nan ce ta yi jinyarta. Duk wannan ba ta taɓa gaya mini a waya ba, wai kar hankalina ya tashi.

Sai kuma rana, wadda ba ta san lokacin faɗuwa ba. Ka yi la'asar, ka zauna, ka gaji da zama, magariba ta ƙi zuwa. Ban daɗe da yin isha ba sai Nafisa ta ce asuba ta yi. Na ce Allah Ya ji ƙan masu azumi a ƙasar nan.

A gidan na haɗu da ƙanin Baba Tamara, wanda Nafisa ke kira Kawu Yura. Ba a gidan yake kwana ba, amma yana da makulli. Dogo ne, kansa a aske, da tabo daga gira zuwa kunne, bayan hannayensa duk shuɗin zane, kuma warin taba na riga shi shigowa. Ran da na fara ganinsa ina zaune a falo, ya buɗe ƙofa ya shigo ba sallama, ya kalle ni ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya wuce kicin. Duk abin da Hamma Sale ya faɗa sai na gan shi a tsaye da ƙafa biyu. Daga ranar, da na ji motsin makullinsa sai in jawo jakata kusa.

Lalitar ta fara ci mini fata saboda zafi, don ƙasar tana da nata zafin a wannan lokacin. Sai na yi abin da nake yi a gida, na cusa ƙullin zinariyar can cikin rigar filona. Tagar ɗakinmu ba ta rufuwa sosai, kuma da safe na ga Kawu Yura a ɗakin yana duba ta, Baba Tamara na yi masa bayani.

Ran nan Nafisa ta tafi makaranta sa hannu a takardu, ni da Rifkatu muka fita neman takalmin biki. Muna dawowa bayan azahar, muka yi kiciɓis da shi a kan matakala yana saukowa da sauri, da baƙar jaka a kafaɗa. Ya raɓa mu ya wuce ko kallo. Na shiga ɗaki, na ga gado a gyare yadda na bar shi. Na sa hannu cikin rigar filo. Babu komai.

Na zazzage filon. Na ɗaga katifa. Na juye akwatuna biyu a ƙasa, na bi kowane zane ina kakkaɓewa. Na leƙa ƙarƙashin gado har kyanwar ta zo tana taya ni. Daga nan na zauna a ƙasa na gaya wa Rifkatu abin da ya ɓace.

Ta dafe ƙirji. "Hajiya! Wannan mai tabo ne. Ba ki ga yadda ya gudu ba? Kuma tsohuwan nan ya sani, bakinsu ɗaya. Tashi mu je wurin 'yan sanda yanzu, kafin ya sayar."

Ana haka Nafisa ta dawo. Da ta ji, ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Ta san sarƙar, tana yarinya takan roƙi Inna ta bar ta ta taɓa.

"Dada, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"So na yi in ba ki mamaki."

"Ai kin ba ni."

Rifkatu ta ce, "Ba lokacin wannan ba ne. Ke kin iya yarensu, kai mu."

Nafisa ta tashi ta rufe ƙofa, ta rage murya. Ta ce akwai abin da ya kamata in sani kafin in yanke. Kawu Yura ya taɓa zaman gidan yari tun yana saurayi, a kan faɗa, a can ya samo zanen hannunsa. Ta ce mutum irinsa, ko sunansa aka ambata a gaban 'yan sanda, yau ɗin za su ɗauke shi, kuma wurin da yake gyaran famfo ba za su jira a gama bincike ba.

Rifkatu ta tafa hannu. "Kin ji ko? Tsohon ɗan fursuna ma ne!"

"Shekarun da na yi a gidan nan ko allura ban taɓa rasawa ba, Anti," in ji Nafisa. Sai ta juyo gare ni. "Amma ban ce na san zuciyarsa ba. Kayan Inna ne, Dada. Idan kin ce mu je, zan kai ki, kuma duk abin da kika faɗa shi zan fassara."

Na ce mu je. Gaskiya ke nan, ni na ce mu je. Muka wuce Baba Tamara a kicin tana yanka kabeji, ta ɗago ta tambayi wani abu, Nafisa ta ce mata iska za mu sha.

Ofishin ba nisa. Gini ne mai ruwan ƙasa da ƙofar ƙarfe, da ɗan lambu a gabansa. Da muka iso, na ce su bar ni in huta a kan wani benci, don numfashina ya yi sama. Ina zaune wayata ta yi ƙara, Hamma Sale ne. Ban san abin da ya sa na gaya masa ba.

"Ba na faɗa miki ba?" ya ce. "Halinsu ne, duk haka suke. Ki shiga ki ba da sunansa, su matse shi ya fito da ita."

Duk haka suke. Da ya faɗi wannan, sai wani abu ya motsa a raina, don na san kalmar, a gidanmu na san ta. Na ce, "Hamma, ka tuna rediyon?"



Mahaifinmu tela ne, daga Zariya ya zo Jalingo da keken ɗinkinsa, ba shi da kowa. A gidan da ya fara haya aka nemi rediyon mai gida aka rasa. Ba wanda ya gan shi da ita, amma shi ne baƙo, kuma kowa ya san halin Hausawa, in ji su. Aka kai shi caji ofis, aka yi masa dukan da ya bar shi da ciwon kunne har ya mutu. Daga baya aka ga rediyon a garin Mutum Biyu, a hannun ɗan mai gidan. Sun zo sun ba shi haƙuri. Amma har ya tsufa, idan za shi masallacin Juma'a, zagaye yake yi don kar ya bi ta ƙofar gidan nan.

Na kashe waya na dubi Rifkatu. "Madam, tsakaninki da Allah, kin ga ƙullin a hannunsa?"

"Ban gani ba, amma..."

"Ni ma ban gani ba. Tabo na gani, da jaka."

"To shi ke nan? Ki bar zinariyan uwarki ya tafi?"

Wannan tambayar ta yi mini zafi. Idan shi ne, kowane minti da nake zaune sarƙar Inna na ƙara nisa. Na daɗe ina kallon ƙofar ƙarfen nan, mutane na shiga suna fita. Na ga idan na shiga na faɗi sunan mutumin nan, ba ni da hanyar mayar da maganar cikin bakina. Idan kuwa ban shiga yau ba, gobe ma ƙofar na nan.

Na ce wa Nafisa, "Mu koma. Ki gaya wa mai gida abu ya ɓace a ɗakina. Kar ki ambaci kowa."

Rifkatu ta yi tsaki, amma ta biyo mu.

A kicin muka sami Baba Tamara. Nafisa ta yi magana a hankali, ina kallon fuskar tsohuwar. Da farko ta yi fari fat, ta ajiye wuƙa, ta dube ni, na ga ta gane abin da ba a faɗa ba. Ta yi tambaya ɗaya, Nafisa ta ce, "Tana so ta san a ina kika ajiye." Na kama filon kujera na cusa hannu cikin rigarsa.

Sai matar nan ta ɗora hannu biyu a ka ta saki ƙara. Ta ruga ɗakinta, inda barandar shanya take, ta dawo da zanen gado da rigar filo masu ɗanshi, iri ɗaya sak da waɗanda ke kan gadona. Ashe da muka fita ta cire na gadon ta sa a injin wanki, ta shimfiɗa mini wasu. Ba ta taɓa yi wa Nafisa haka ba, ni ta yi wa don ni baƙuwa ce. Ta juya rigar filon, sai ga ƙyallena ya faɗo a warware, da ɗan kunne ɗaya maƙale a zarensa.

Nafisa tana fassara mini da ƙyar, don tsohuwar na magana tana kuka. Wai injin yana cikin wanki ya fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya tsaya. Shi ya sa ta kira ƙaninta. Ya zo ya duba, aka kira shi wurin aiki ruwa ya ɓalle a wani gida, ya ce zai dawo gobe. Saurin da muka ga yana yi ke nan.

Ba ta jira goben ba. Ta ɗauki waya ta yi masa faɗa kamar shi ya yi wankin. Kafin la'asar ta wuce ya iso, ya kwanta rub da ciki a kan tayil, ya kwance wani murfi a ƙasan injin. Baƙin ruwa ya malalo har ƙafafunmu. Ya sa yatsu yana zaƙulowa yana jerawa a kan faranti: maɓalli, tsabar kuɗi, abin ɗaure gashi, sai ɗaya ɗan kunnen. Sarƙar ta ƙi fitowa, sai da ya kwantar da injin ya buɗe cikinsa. Ta fito gida biyu, baƙi ƙirin da datti.

Ban san lokacin da na durƙusa a cikin ruwan nan ina alhamdu lillahi ba. Rifkatu na bayana tana cewa, "Yesu, Yesu, mun gode." Ba zinariyar kaɗai nake yi wa godiya ba. Ina kallon ƙeyar mutumin nan yana mayar da kusoshi, ina tuna inda da yanzu yake.

Da ya gama ya wanke hannu, ya ɗauki sarƙar ya duba inda ta tsinke, ya yi magana. Nafisa ta ce, "Wai yana da aboki maƙerin zinariya. Idan kin yarda ya tafi da ita." Ya buɗe tafin hannunsa yana jira. Rifkatu ta taɓa ni da gwiwar hannu, a hankali dai, ba da ƙarfin ɗazu ba. Na ɗauki gutsuren biyu na sa masa a hannu, na haɗa da 'yan kunnen don a wanke.

Ba zan ce na yi barci mai daɗi a kwanakin da suka biyo ba. Zuciya ba ta saurin barin abin da ta saba. Amma da safiyar biki, ina ɗaura ɗankwali, na ji makullinsa. Ya sa farar riga mai dogon hannu, ya aske gemu. Ya miƙa mini ƙaramin kwali. Sarƙar na ciki tana ƙyalli yadda ban taɓa ganinta ba tun ina yarinya, sai zobe ɗaya a wurin ɗaurin da ya fi sauran ja kaɗan. Na ce Nafisa ta tambaye shi ladan aikin, ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

Na rataya wa Nafisa sarƙar a falo, a gaban tsohuwa da ƙaninta da kyanwa. A zauren taro kuwa, da aka kira sunanta, aka murɗe shi yadda ban gane ba sai da ta miƙe, na yi guɗa irin ta gida. Duk zauren ya waiwayo. Rifkatu ta taya ni, Baba Tamara ma ta gwada, abin da ya fito daga bakinta Allah kaɗai Ya san sunansa.

Kafin mu taho na yi musu tuwon semo da miyar kuka, ba daddawa. Baba Tamara ta ci loma biyu don kunya. Kawu Yura ya cinye ya miƙo kwano. Na ba tsohuwar atamfa turmi ɗaya da ganyen shayin Mambila, na ce mata useko, yadda muke godiya a nan, ta yi ta maimaitawa.

Nafisa za ta tsaya ta kammala takardunta, don haka ni da Rifkatu muka riga ta tahowa. Kawu Yura ne ya ɗauko mana akwatuna zuwa tasha, ɗaya a kowane hannu, Baba Tamara na biye da shi. Muna jiran jirgi na ga ba zan iya tafiya da maganar a cikina ba. Na ce wa Nafisa, "Gaya masa na zarge shi. Gaya masa har ƙofar 'yan sanda na je, ya yafe mini."

"Dada, a bar maganar nan mana."

"Kin ce duk abin da na faɗa za ki fassara."

Ta faɗa masa, kanta a ƙasa. Ya saurara har ta gama, ya ciro taba ya juya ta a yatsunsa bai kunna ba. Sannan ya yi magana mai ɗan tsawo, yana nuna yayarsa da haɓa. Nafisa ta toshe baki.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya sani, tunda duk ran da ya shigo sai kin rungume jaka. Ya ce zuwa kam kin je, amma ba ki shiga ba, shi wannan ya ishe shi. Wai kuma kar ki damu, lokacin da ni ma na fara kama haya a gidan, Baba Tamara ta kwashe cokulan azurfar uwarsu ta kulle a kabad, ba ta fito da su ba sai da sanyin shekarar ya wuce."

Tsohuwar ta yi ja har kunne, ta ɗaga jakarta ta maka masa a kafaɗa, tana surfa masa faɗa. Nafisa ta ce ita ma yau ta fara jin labarin cokulan. Ana cikin haka jirgi ya iso, aka tura mu ciki da kaya, Baba Tamara ta cusa mini wani ƙulli ta taga, wai guzuri.

Sai da gari ya ɓace muka buɗe. Dafaffen dankali ne da ƙwai da gurji da baƙin burodi. A ƙasa akwai wani abu naɗe a farin ƙyalle. Rifkatu ta warware, sai ga ƙaramin cokalin azurfa, tsoho, duk zanen jikinsa ya goge. Tun a gida Baba Tamara ta naɗe shi, kafin ƙaninta ya tona mata asiri.

Rifkatu ta juya shi a hannu tana dubawa. Sannan ta miƙo mini.

Da shi nake shan kunu yanzu kowace safiya a Barade.